Idan Direbobi Suka Ajiye Makulli: Abin da Ya Kamata Mutanen Mubi Su Sani Kan Yajin Aikin Sufuri

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Mubi ba. Layin dogon da aka shimfiɗa zuwa arewa maso gabas ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, bai leƙo Adamawa ba har yau. Saboda haka duk abin da ke shiga garin nan ko fita daga cikinsa a kan taya yake tafiya. Shanun da ake kawowa daga Chadi da Kamaru zuwa babbar kasuwar shanu ta Mubi, a tirela ake loda su zuwa Kudu. Wake da masara da gyaɗa a mota suke barin ƙauye. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa a Keke Napep suke zuwa aji. Marar lafiyar da aka tura babban asibiti a Yola sai ya bi ta Mararraba da Hong da Gombi da Song, tafiyar kusan kilomita 200, kafin ya ga likita. Ranar da masu tuƙi suka ajiye makulli, garin ne gaba ɗaya ya tsaya.

Kusan kowace shekara sai an ji a rediyo cewa ma'aikatan jirgin ƙasa a Landan ko Faris sun shiga yajin aiki, suna kukan za a rage su a sa na'ura a gurbinsu. Mutumin Mubi yakan ji ya ce wannan ai rigimar Turawa ce, mu da ko jirgin ba mu da shi. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Babu motar da za ta tuƙa kanta daga Mubi zuwa Michika nan kusa. Amma abin da waɗancan mutane ke faɗa a kansa, wato a canja tsarin sufuri a bar wasu ba abinci, ya riga ya faru a nan, kuma zai sake faruwa. Bambancin kawai shi ne su suna da takardar ɗaukar aiki da ƙungiyar da gwamnati ke tsoro, namu kuwa galibi ba su da ko ɗaya.

Me ake rigima a kai a can?

A watan Yulin 2023 kamfanonin jiragen ƙasa na Ingila suka fito da shirin rufe mafi yawan ofisoshin sayar da tikiti, waɗanda yawansu ya kusa 1,000. Hujjarsu ita ce kashi 12 cikin 100 na tikiti kaɗai ake saye a hannun mutum, sauran duk ta waya ne ko ta na'urar da ke tsaye a tasha. Ƙungiyar ma'aikatan jiragen, wadda dama tana ta yajin aiki tun 2022, ta ce sam. Tsofaffi da makafi da guragu suka mara mata baya, domin su ne suka fi buƙatar mutumin da zai saurare su ya nuna musu hanya. Da aka nemi jin ra'ayin jama'a, amsoshi kusan 750,000 suka shigo. Ranar 31 ga Oktoban 2023 gwamnati ta umarci kamfanonin su janye shirin.

A Faransa kuwa labarin ya sha bamban. Tun 1998 aka buɗe layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris, wanda ba shi da direba kwata-kwata, daga baya aka mayar da layi na 1 haka. Da babban yajin aikin Disambar 2019 ya zo, kan batun fansho, sauran layuka suka tsaya ko suka koma tafiyar hawainiya, waɗannan biyun suka ci gaba da jigila kamar ba abin da ke faruwa. Ma'aikata sun gane abin da hakan ke nufi. Na'ura ba aiki kaɗai take ɗauka ba, har ƙarfin yin yajin aikin ma tana ɗauke shi.

A Nijeriya ma an fara gani. A Janairun 2021 aka soma sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet, don a kori masu saye su ɓoye su sayar da tsada. A Legas da kati ake biyan kuɗin manyan motocin gwamnati da jirgin cikin gari da aka buɗe a Satumbar 2023. Inda kati ke biya, kwandasta ba shi da abin yi.

Abin da ya riga ya faru a nan

Babbar rage ma'aikata da aka yi a harkar sufurin Arewa ba na'ura ce ta yi ta ba, sanarwar gwamnati ce. A Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin Kano. Mubi da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita su ma sun shiga wannan doka a shekarun rikicin Boko Haram, rikicin da ya kai ga ƙwace garin a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato shi a Nuwamba. Wanda ya ga abin da aka riƙa aikatawa a kan babur a lokacin ba zai ce dokar ba ta da dalili ba. Amma dubban samari sun kwana da sana'a sun tashi ba su da ita, babu sallama, babu ko sisi. Mai hali ya sayar da babur ya haɗa da bashi ya sayi keke. Marar hali ya koma tuƙa na wani yana kai balas kowace yamma. Wasu suka bar gari.

Keken da ya maye gurbin babur ɗin ma yana da alaƙa da wannan yanki. Janar Buba Marwa, ɗan Michika, shi ya shigo da shi Legas lokacin da yake gwamnan soja tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa can suke ce masa Keke Marwa. Shirin rage talauci na gwamnatin Obasanjo ya yaɗa shi da sunan Keke Napep, a Kano kuma ya ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Keke ɗaya yana ɗaukar abin da babur uku za su ɗauka. Wannan alheri ne ga fasinja, musamman mata da tsofaffi, amma lissafin a fili yake: ba duk ɗan acaɓa ne ya samu gurbi ba.

Kano ce ta nuna abin da 'yan keke za su iya yi idan suka haɗa kai. A Fabrairun 2021 suka janye daga titi kan harajin naira 100 a kullum. A Janairun 2022 suka sake janyewa, wannan karon kan kuɗin rajista da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, KAROTA, ta ɗora, naira 18,000 ga sabon shiga, 8,000 ga mai sabuntawa. Kwana uku aka yi mutane na takawa a ƙasa, 'yan kasuwa na hawa bayan a-kori-kura, har Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa. Sai da aka zauna aka yi sulhu. A ƙarshen Nuwambar 2022 gwamnatin jihar ta hana keke bin wasu manyan tituna don motocin bas su maye gurbinsa, ba a je ko'ina ba ta janye dokar, domin motocin da aka tanada ba su isa ɗaukar jama'a ba.

Sai kuma mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya ce a ranar tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki ta haura 500 a arewa maso gabas, a Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. Ku yi wa ɗan keke lissafi. Mai ya ninka sau biyar, mai keke ya ƙara balas domin kayan gyara sun yi tsada, tikitin yuniyon da na ƙaramar hukuma suna nan, fasinja kuwa ya rage fita, wanda ya fita ma sai an yi ciniki. Da yawa sun mayar da makulli ba tare da wani ya kore su ba. Ba a rubuta irin wannan a jarida a matsayin rage ma'aikata, amma a gidan da aka daina ɗora tukunya sau biyu babu wani bambanci.

Mubi tana da ƙarin nata nauyin saboda tana bakin iyaka. A Nuwambar 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, a daidai lokacin da iyakokin ke rufe. A Yunin 2024 kuma ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, IPMAN, ta rufe gidajen mai kusan 2,000 a Adamawa da Taraba, tana zargin jami'an kwastan da kama tankokin 'ya'yanta da sunan yaƙi da fasa-ƙwauri zuwa Kamaru. Direbobi ba su shiga yajin aiki ba, amma sakamakon ɗaya ne: mai ya koma hannun 'yan bumburutu, kuɗin mota ya tashi, tituna suka yi fayau. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan. Yajin aikin da ya fi tsayar da sufuri a garuruwanmu sau da yawa ba daga tasha yake farawa ba, daga wajen masu dakon mai yake farawa.

Rigimar tankokin Ɗangote

Wannan ce rigimar da ta fi kama da ta Turai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A 2025 matatar man Ɗangote ta sanar cewa za ta sa manyan motoci 4,000 masu aiki da iskar gas su riƙa kai mai kai tsaye ga gidajen mai, ba tare da cajin kuɗin dako ba. Ga mai sayen mai wannan albishir ne, domin kuɗin dako daga Legas zuwa wuri mai nisa kamar Mubi yana cikin abin da ke sa farashinmu ya fi na Kudu. Ga masu tanka kuwa, waɗanda wani ɗaya gare shi, wani uku, tambaya ce ta rayuwa: wa zai ba ka lodi ya biya, alhali ga mai kawowa kyauta?

Ƙungiyar NUPENG, wadda direbobin tanka ke ƙarƙashinta, ta ce ana hana sababbin direbobin shiga cikinta. Ta fara yajin aiki ranar 8 ga Satumbar 2025, ta janye washegari bayan an sa hannu kan yarjejeniyar cewa ma'aikaci na da 'yancin shiga ƙungiya. Kafin watan ya ƙare ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, ta ce an sallami ma'aikatan matatar kimanin 800. Kamfanin ya ce gyaran tsarin aiki yake yi. PENGASSAN ma ta shiga yajin aiki, sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani aka amince a mayar da su wasu sassan kamfanin.

Motocin nan mutane ne ke tuƙa su, ba na'ura ba. To amma dubi abin da ke biye da tsohuwar tanka. Akwai direba, akwai yaran mota biyu ko uku da ke koyon tuƙi a hannunsa, akwai bakanike da mai faci da mai walda da ke jiran ta a kowane zango, akwai mai abinci da mai shayi. Motar babban kamfani direba ɗaya take ɗauka, a garejin kamfani ake gyara ta, daga ofis ake bibiyar inda take. Aikin bai ragu ba, hannun da ke ci a cikinsa ne ya ragu. Hanyar da yaron mota ke bi ya zama direba, direba ya zama mai mota, ita ce ke toshewa a hankali, kuma wannan ya fi damuna fiye da farashin lita.

Doka ta san da wa?

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 20, ta faɗi yadda ake rage ma'aikata: a sanar da ƙungiyarsu dalili da adadi, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, a kuma tattauna kuɗin sallama. Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta ce masu ayyukan da jama'a ba sa iya rayuwa ba tare da su ba, irin su samar da mai da wuta da ruwa, sai sun ba da sanarwar kwana 15 kafin su daina aiki. Sashe na 43 na wannan doka shi ne wanda gwamnati ke yawan ɗagawa, cewa ba aiki ba albashi. Idan sulhu ya gagara akwai kotun ma'aikata ta ƙasa.

Duk wannan an gina shi ne a kan mutumin da ke da ubangida a rubuce da albashi a wata. Ɗan keke mai kai balas ba ya cikin wannan sahu. Haka karen mota, haka ɗan kamasho, haka ɗan dakon da ke loda buhu a tasha. Yarjejeniyarsu ta baki ce. Ran da mai keke ya ce kawo makulli, magana ta ƙare. Shi ya sa yajin aikinsu ya bambanta da na ma'aikacin gwamnati. Shi ma'aikaci yakan samu albashin da aka riƙe bayan an sasanta. Ɗan keke kuwa ranar da bai fita ba, ranar gidansa bai ci ba, kuma babu mai mayar masa. Don haka yajin aikin irin waɗannan mutane ba ya daɗewa, kuma idan kuka ga sun yi shi, to tura ce ta kai bango.

Ƙungiyoyin ma ba za a wanke su tas ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, da ta masu motoci, RTEAN, da ƙungiyoyin masu keke suna karɓar kuɗi kullum a hannun mai tuƙi. Suna tsara layi, suna raba faɗa, suna nemo kayan fasinja da suka ɓata, wasu rassan suna tallafa wa wanda ya yi haɗari ko ya yi rashi. Wannan aiki ne na gaske, wanda duk ya taɓa mantuwa a mota ya sani. Amma direba nawa ne ya taɓa ganin lissafin kuɗin da ake tarawa da sunansa? A jihar Oyo gwamnati ta dakatar da NURTW a 2019 ta karɓe tashoshi, Legas ma ta yi makamancin haka a 2022, dukansu bayan rikicin shugabanci da tashin hankali. Ƙungiyar da 'ya'yanta ba su amince da ita ba, ranar da gwamnati ta zo da sabon tsari ba za ta samu mai tsaya mata ba.

Abin da ke tafe

Abu biyu sun kusa. Na farko biya ta waya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa direbobi da fasinjoji tura kuɗi ta asusu, ko suna so ko ba sa so. Duk ranar da gwamnatin jiha ko wani kamfani ya ce tikitin tasha da harajin keke ta waya za a biya, masu yankan tikiti da wani ɓangare na 'yan kamasho za su rasa abin yi. A gefe guda kuɗin da ke zurarewa a hanya zai ragu, kuma hakan gyara ne. Na biyu ababen hawa masu aiki da lantarki ko gas. A Disambar 2023 aka ƙaddamar da tasi masu lantarki da bas masu gas a Maiduguri, maƙwabciyarmu. Keken lantarki ba ya shan fetur, ba ya buƙatar baƙin mai, ba shi da fulogi. Mai tuƙi zai samu sauƙi, in har akwai wutar caji. Bakaniken inji da mai sayar da baƙin mai da ɗan bumburutu su ne za su ji a jikinsu.

Ba na goyon bayan a tsayar da ɗayan biyun. Mutanen Mubi sun cancanci mota mai araha da tasha mai tsari kamar kowa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a maimaita yadda aka yi da 'yan acaɓa, a yi sanarwa da dare a fara kame da safe. Wancan karon akwai uzurin tsaro. Canjin tikiti ko na inji ba shi da wannan gaggawa, ana ganin zuwansa tun daga nesa.

Ga fasinja, yajin aikin manyan ƙungiyoyi ba ya faɗowa daga sama, sukan ba da wa'adi a rediyo kwanaki kafin ranar. Mai mace da ta kusa haihuwa ko marar lafiyar da ke da ranar ganin likita a Yola ya shirya tun lokacin. Mai kayan gwari da mai shanu su tuna Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan: farashi ya tashi a can, amma tumatir da albasa a nan Arewa suka yi kwantai. Kada kuma a tara fetur a jarka cikin ɗaki, gobarar da hakan ke jawowa ta fi tsadar man muni.

Ga ɗan'uwa mai tuƙa keken wani, ka nemi a rubuta yarjejeniyarku a gaban shaidu: nawa ne balas, wa ke gyara, in biyan kaɗan-kaɗan ne yaushe keken zai zama naka, me zai faru idan ka kwanta ciwo. Ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. Ka halarci taron reshenku ka tambayi lissafi, haƙƙinka ne. Masu gareji kuma su tura yaro ɗaya ko biyu su koyi aikin batir da mayar da inji zuwa gas tun kafin motocin su cika gari.

Kira na ga gwamnatin jihar Adamawa da shugabannin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu shi ne su fara da ƙidaya: mutum nawa ke ci a keke da tasha da gareji a garin nan, da sunayensu da aikin kowa. Duk wani sabon tsari na tikiti ko haraji ko sababbin motoci, a ba da sanarwar watanni, a zauna da masu tuƙin da kansu ba shugabanninsu kaɗai ba, a ba waɗanda ke cikin sana'ar fifiko wajen rabon sababbin kekuna da guraben aiki. Kwalejin kimiyya da jami'a suna cikin garin, a ba su aikin horar da makanikai a kan sababbin injuna, a kuma sa kuɗin horon a kasafin shekara mai zuwa.